DILLALIN DA BA YA LAMUNI: Tallan Karatun Bayan Tashi a Kundin Adireshi



1. Gabatarwa

A yawancin garuruwan ƙasar nan akan tashi yaran firamare da na sakandare tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe biyu na rana. Ma'aikaci kuwa ba ya barin ofis sai wajen ƙarfe huɗu, ɗan kasuwa ma sai magariba ta kawo jiki. Ke nan tsakanin tashin yaro da komowar mahaifinsa akwai sa'o'i da dama waɗanda malamin boko ya riga ya sallame shi, mahaifi kuma bai karɓe shi ba tukuna. Waɗannan sa'o'i su ne a yau suka zama haja. Akwai mai koyar da lissafi da Turanci, abin da jama'a ke kira lesin. Akwai mai koyar da kwamfuta, da mai shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Akwai Islamiyya da makarantar hadda, har da masu koyar da ɗinki da wasan ƙwallo. Domin sauƙin bayani, a cikin wannan lacca za a kira su duka da suna ɗaya, watau karatun bayan tashi.

Duk mai haja tilas ne ya nemi mai saye. Daga cikin hanyoyin da masu irin waɗannan makarantu suke bi su kai ga iyayen unguwa, akwai wata wadda ta zo da zamani: mutum ya biya kuɗi a sa sunan makarantarsa a saman jeri cikin kundin adireshi na intanet, ta yadda duk uban da ya ɗauki waya yana neman inda zai kai ɗansa, sunan nan zai fara cin karo da shi. Manufar wannan lacca ita ce a duba asalin wannan hanya, da yadda take aiki, da irin harshen da take amfani da shi, sa'an nan a auna ta da ma'aunin da Bahaushe ya daɗe yana auna dillali da shi.

2. Talla da dillanci a gargajiyance

Talla ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. 'Yar talla takan ɗauki tire ta bi lungu-lungu tana kiran sunan abin da ta ɗauko. Mai shela yakan kewaya gari da saƙon sarki. Mai magani yakan kafa dandali a kasuwa ko a tasha, yana yi wa saiwarsa kirari. Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu yana da fuska, yana kuma da gidan da aka san ya fito. Idan ƙosan jiya ya zo da tsami, matan gida sun san 'yar gidan wa ce ta kawo shi, gobe kuwa ba za a kira ta ba.

Idan ciniki ya yi nauyi, kamar na doki ko na gida ko na shanu, sai dillali ya shigo. Aikinsa ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'ada bayan an sallama. Amma la'adar nan ba ta nuna hanya kaɗai ba ce. Dillali shaida ne, sau da yawa kuma shi ne mai lamuni. Wani masanin halayyar al'umma, Abner Cohen, ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya buga littafinsa a shekara ta 1969. A ciki ya nuna yadda fataken shanu daga Arewa suke sayar wa mahautan Ibadan dabbobi bashi, alhali ba su san su ba, domin maigidan da suka sauka wurinsa shi ne ya tsaya. Idan mahauci ya ƙi biya, a wuyan maigida abin yake. Saboda haka maigida ba ya haɗa baƙonsa da wanda bai san halinsa ba, don kuwa arzikinsa da mutuncinsa ne a kan faifai.

To, yaya malami yake samun ɗalibai a wancan tsari? Malamin allo ba ya talla da bakinsa, domin an ce yabon kai jahilci. Ɗalibansa ne tallansa. Ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani, akan yi wa allonsa zayyana, ya karanta a gaban jama'a, a yi walima. Duk uban da ya halarta ya ji da kunnensa ko yaron ya iya ko bai iya ba. Kuɗin Laraba da ake kai wa malam sananne ne ga kowa, zauren da ake karatu a ciki a buɗe yake, mai wucewa yana ganin wanda ke zaune a kan buzu. Watau shaida tana gaba, talla yana biye da ita.

Zuwan boko ya kawo sababbin hanyoyi. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962. Shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, har malami ɗaya ya rasa yadda zai bi kowane yaro. An kafa hukumar JAMB a 1978, shiga jami'a ya zama gasa ta ƙasa baki ɗaya. Daga 2015 kuma aka mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, sai yaron da bai taɓa taɓa na'ura ba ya shiga neman inda zai koya. Waɗannan abubuwa su suka buɗe kasuwar karatun bayan tashi, kasuwar kuma ta jawo allunan bakin titi da takardun mannawa a bango da sanarwar rediyo.

3. Asalin kundin adireshi

Kundin adireshi irin na yau ɗan wayar tarho ne. Kundin tarho na farko da aka sani an buga shi a garin New Haven na Amurka a watan Fabrairu na 1878. Takarda ce guda ɗaya mai sunaye 50, ko lamba babu a jikinta, domin a lokacin sunan mutum ake faɗa wa ma'aikacin waya ya haɗa. A 1886 wani mai suna Reuben Donnelley a Chicago ya fitar da kundin da aka kasa shi bisa ga sana'o'i, likitoci a wuri ɗaya, kafintoci a wuri ɗaya. Wannan shi ne mafarin abin da aka sani da Yellow Pages, saboda ruwan ɗorawar takardarsa.

Tun a wancan zamani 'yan kasuwa suka gane wani hali na ɗan Adam: mai nema ba ya karanta jeri har ƙarshe, abin da ya fara gani shi yake kira. Da yake bisa tsarin abacada ake jera sunaye, sai wasu suka riƙa raɗa wa kamfanoninsu sunan da ya fara da harafin A sau biyu ko sau uku don kawai su hau sama. Masu kundin kuma suka shiga sayar da manyan haruffa da rabin shafi da cikakken shafi. A Ingila an fara buga irin wannan kundi a garin Brighton a 1966, a can kuma aka raba bugun ƙarshe a watan Janairu na 2019, bayan intanet ta ƙwace masa aiki.

A Nijeriya kundin takarda bai taɓa shiga gidan talaka ba. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, galibinsu kuma a ofisoshi suke. Ma'anar wannan ita ce, yawancin iyayen da ke amfani da kundin intanet a yau ba su gaji sanin dabarunsa daga kowa ba. Baturen da kakansa ya yi amfani da Yellow Pages ya taso da sanin cewa babban shafi saye ake yi. Uba a Kano ko Gusau ko Bauchi ya faɗa cikin abin ne da rana tsaka.

4. Yadda ake sayen gurbi

A 1998 wani kamfani mai suna GoTo.com, wanda Bill Gross ya kafa a Kalifoniya, ya fito da dabarar yin gwanjon gurbi. Wanda ya fi taya kalma shi ke hawa sama, ba ya kuma biya sai an danna sunansa. Google ya fara nasa tsarin talla mai suna AdWords a watan Oktoba na 2000, ya koma bin hanyar gwanjo da biya a kan kowace dannawa a 2002, aka sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. Shafukan saye da sayarwa irin su Jiji su ma suna da kuɗin da mutum zai biya a ɗaga tallansa sama da na sauran.

Ga yadda abin yake a aikace. Mai makaranta zai fara buɗe shafi kyauta, ya sa suna da unguwa da lambar waya da hotuna da lokutan buɗewa. Wannan jerin kyauta Google ya ce yana tsara shi ne bisa abu uku: dacewar wurin da abin da aka nema, da kusancinsa da mai nema, da kuma shahararsa. Wanda bai gamsu da matsayinsa ba sai ya shiga gwanjo. Zai zaɓi kalmomin da yake zaton iyaye za su rubuta, ya shata iyakar da yake son tallan ya tsaya, alal misali kilomita 5 kewaye da makarantarsa, ya faɗi iyakar abin da zai kashe a yini. Duk sa'ad da wani uba a cikin da'irar nan ya rubuta kalmar, sai na'ura ta yi gwanjo nan take, ta dubi tayin kowa da ingancin tallansa, ta jera su. Ingancin da ake nufi a nan shi ne yadda tallan ya dace da abin da aka nema da yadda jama'a ke danna shi. Ingancin koyarwa ba ya cikin lissafin, domin babu wanda ya taka ƙafa ya je ajin.

Adalci ne a ambaci amfanin wannan tsari. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Katsina zuwa Jos bai san kowa ba, ba shi da maƙwabcin da zai tambaya, kundin nan shi ne ɗan jagorarsa na farko. Matashin malami mai ƙwazo wanda bai yi suna ba tukuna, ko malamar da ke koyarwa a zauren gidanta, ba su da kuɗin sanarwar rediyo, amma suna iya ware ɗan abin da ya sawwaƙa su sanar da unguwa ɗaya tak. Ta wannan fuska, kundin ya buɗe ƙofar da a da sai mai hali ke shiga.

Sai dai akwai lissafin da ya kamata a yi. A ƙaddara, domin misali kawai, kowace dannawa Naira 100 ce, mutum 200 suka danna a wata. Mai makaranta ya biya Naira 20,000. A ƙaddara 10 daga cikinsu suka buga waya, 4 suka kawo 'ya'yansu. Ke nan kowane yaro ya zo a kan Naira 5,000 tun bai zauna a benci ba. Kuɗin nan ba daga sama za su faɗo ba. Ko dai a ɗora su a kan kuɗin makaranta, ko a zaftare su daga albashin malami, ko a cusa yara 40 a ɗakin da ya kamaci 20. Idan kuma makarantu biyar na unguwa ɗaya suka shiga gwanjo a kan kalma ɗaya, farashi zai hau, yawan yaran unguwar kuwa yana nan yadda yake. A ƙarshe uba ne ke biyan kuɗin tallan da aka yi masa.

A nan ne bambanci da dillalin gargajiya ya fito fili. Dillalin kasuwar shanu sai an yi ciniki yake karɓar la'ada, wannan kuwa da an ɗaga labule an leƙa ya karɓi tasa. Wancan ya san mai saye da mai sayarwa, wannan bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. Wancan idan kaya ya fito da aibi za a same shi a rumfarsa, wannan kuwa ba ya lamunin kowa.

5. Harshen tallan

Mai nazarin harshe zai iya kasa maganganun da ke cikin irin waɗannan tallace-tallace kashi biyar.

Na farko kirari. Kowace makaranta ita ce ta ɗaya, kowane malami ƙwararre ne, ɗaki biyu da rumfa sun zama Intanashinal Akademi. Bahaushe ya san kirari, ya kuma san matsayinsa. Idan maroƙi ya kira mutum giwa, babu mai zuwa neman haure. Amma kirarin maroƙi a bainar jama'a ake yinsa, da murya da kiɗan da ke sanar da kowa cewa zuga ce. Shi kuwa wannan kirari ya sa rigar takardar hukuma, ga adireshi, ga taswira, ga lamba. Jama'ar da suka saba girmama rubutaccen abu suna iya ɗaukar zuga a matsayin bayani.

Na biyu alkawari, kamar a ce an lamunce wa yaro maki 300 daga cikin 400 na JAMB, ko A1 a kowane darasi. Malamin gaskiya yana iya alkawarin zai koyar, ba ya iya alkawarin abin da yaro zai rubuta. Wanda ya lamunce sakamako, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa yana da hanyar da ba ta karatu ba. Ta biyun ita ta fi muni, domin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ba ta bar ɗalibi ba, ba ta bar wanda ya taimaka masa ba, hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe ko su soke sakamakon cibiyar da aka kama.

Na uku tsoratarwa: kada ɗanka ya zama koma-baya, 'ya'yan maƙwabta sun yi nisa. Wannan magana ba ta faɗi kome a kan makarantar ba, zuciyar uba kawai ta taɓa. Na huɗu gaggawa: gurbi kaɗan ya rage, ragin kuɗi zai ƙare jibi. Manufarta a hana mutum kwana da shawara.

Na biyar shi ne shiru, watau abin da ba a faɗa ba, shi ne kuwa ya fi sauran nauyi. Da wuya a ga tallan da ya faɗi sunan malamin da zai shiga aji da takardar shaidarsa, ko yawan yara a ɗaki, ko cikakken kuɗin zango har da na littattafai, ko wanda ke tsare ƙofa, ko wanda ake miƙa wa yaro idan an tashi. Taurarin yabo da ake gani ƙarƙashin suna ma ba su cike wannan giɓi ba, domin mai karatu bai san ko iyayen yara ne suka ba da su ko 'yan'uwan mai makaranta ba.

Daɗin daɗawa, alamar da ke raba gurbin saye da na kyauta 'yar ƙarama ce. A farkon al'amari tallan Google yana da launin da ya bambanta shi da sauran jeri, daga baya aka cire launin, aka bar kalma ta Ingilishi, Ad ko Sponsored. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta rubuta wa kamfanonin bincike a 2002, ta kuma sake rubutawa a 2013, tana neman su bayyana tallan a fili. A 2015 hukumar Ofcom ta Birtaniya ta gwada yara 'yan shekara 12 zuwa 15, ta tarar kashi 31 cikin 100 ne kaɗai suka gane cewa sunayen saman jeri talla ne. Waɗannan yara ne da Ingilishi harshen ƙasarsu ne. Ina ga uban da karatunsa na Hausa ne ko na ajami? A al'adarsa, wanda aka fara ambata a taro shi ne babba, sahun gaba na manya ne. Da ya ga suna a sama sai ya ɗauka cancanta ce ta kai shi, alhali kuwa kujerar haya ce.

6. Abin da ke kan faifai

Wanda ya sayi takalmi ta hanyar talla ya tarar ba shi da kyau, ya yi asarar kuɗi ne kurum. Wanda ya kai yaro inda bai dace ba ya yi asarar shekarar da ba ta dawowa, wani lokaci ma abin ya fi haka. Jama'ar Kano ba su manta da abin da ya bayyana a watan Janairu na 2022 ba, sa'ad da aka gano cewa mai wata makaranta mai zaman kanta shi ne ya sace wata ɗalibarsa 'yar shekara 5 ya hallaka ta, har gwamnatin jihar ta janye takardun izinin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Ba talla ne ya jawo wannan musiba ba. Amma ta tuna wa kowa cewa wanda aka miƙa wa yaro an miƙa masa rai ne, kuma allon suna da fenti ba sa shaidar hali. Idan makarantar da ke da rajista ta buƙaci a sake tantance ta, yaya ɗakin lesin da babu jami'in da ya san da zamansa?

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗanɗani inda wannan kasuwa take kaiwa idan an sake mata linzami. Masanin ilmi Mark Bray, a littafin da ya rubuta wa wata cibiyar UNESCO a 1999, ya kira ta ilmin inuwa, domin tana bin makarantar gwamnati duk inda ta juya. A Koriya ta Kudu gwamnatin soja ta haramta darasin kuɗi na bayan makaranta a 1980, jama'a suka ci gaba da yi a ɓoye, kotun tsarin mulki ta soke haramcin a 2000. A watan Yuli na 2021 gwamnatin Sin ta hana kamfanoni neman riba da koyar da darussan manhaja ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma hana tallansu a kafofin watsa labarai da allunan titi. Darasin Koriya ya nuna haramci ba ya kashe buƙata. Na Sin ya nuna yadda gasar talla take hura wutar fargaba a zukatan iyaye har hukuma ta ga tilas ta sa baki.

A Nijeriya ba a rasa doka ba. An kafa hukumar kula da sana'ar talla, APCON, da dokar soja mai lamba 55 ta 1988, aka maye gurbinta da ARCON a 2022, ikonta kuwa ya haɗa da tallan intanet. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi masu ɗora hotunan yara da sakamakon jarrabawarsu a talla ba da yardar iyaye ba. Akwai kuma hukumar rajistar malamai, TRCN, tun 1993. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, takardar rajistar sunan kasuwanci da wasu ke nunawa a tallansu shaida ce ta cewa an yi rajistar suna, ba ta ce kowa ya duba aji ba.

7. Shawarwari

Ga mai makaranta: sayen gurbi ba laifi ba ne, abin da aka zuba a cikinsa shi ne abin dubawa. Ya fara cika shafinsa na kyauta da bayanin gaskiya, cikin Hausa da Ingilishi. Ya faɗi darussa da shekarun yaran da yake karɓa, da yawansu a aji, da kuɗi dalla-dalla, da sunayen malamai. Ya taƙaita tallansa ga unguwannin da yaro zai iya zuwa ya koma gida kafin duhu. Ya tambayi duk uban da ya zo ta inda ya sami labari, domin ya san ko kuɗin tallan suna haihuwa. Sa'an nan ya ware rana a kowane zango ya buɗe ƙofa iyaye su ga abin da yara suka koya, kamar yadda malamin allo yake yi ranar sauka.

Ga iyaye: kundi ya nuna ƙofa ne, shiga da dubawa aikin uba ne da uwa. Su nemi 'yar alamar talla, su gangara ƙasa su ga sauran sunaye. Su je wurin ba tare da sanarwa ba, a lokacin da ake darasi, su ƙirga yara, su ga makewayi da ruwan sha da ƙofar fita. Su nemi iyaye biyu ko uku da 'ya'yansu suka shekara a wurin, su kuma tambayi mai unguwa ko limami. Kada su biya kuɗin shekara gaba ɗaya a karon farko. Gani ya kori ji, cinikin biri a sama kuwa bai kamaci wanda zai ba da ɗansa ba.

Ga ma'aikatan ilmi na jiha da na ƙananan hukumomi: maganin dillalin da ba ya lamuni shi ne a samar da wanda ke yi. Babu abin da zai hana kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar wuraren karatun bayan tashi, jami'i ya ziyarci kowanne, a buga jerin waɗanda aka duba tare da ranar da aka duba su, a manna a makarantun firamare da ofishin hakimi, a sa a intanet, a karanta a rediyo. A jera su bisa unguwa da abacada, kada a sayar da saman jeri ga kowa. Kada kuma a mayar da rajistar hanyar tatsar haraji, domin in an yi haka ƙananan malamai za su ɓuya, a koma gidan jiya.

Ga ɗaliban harshe: ga fage nan a buɗe. An yi nazarin kirarin 'yan talla da na masu magani, ya kamata a tattara tallace-tallacen makarantu na bango da na rediyo da na waya a yi musu irin wannan nazari. Haka kuma akwai buƙatar a tsayar da kalma ɗaya ta Hausa, gajera, wadda duk wanda ya gan ta a saman suna zai san an biya ne, a kuma matsa wa masu kundi su yi amfani da ita.

8. Kammalawa

An ga yadda talla ya taso daga tiren 'yar talla da bakin mai shela, ya bi ta jarida da rediyo, ya iso kundin da ke cikin waya. An ga cewa saman jeri gwanjonsa ake yi, kuɗin gwanjon kuma daga aljihun uba suke fita. An ga kuma cewa tsohon tsari ya haɗa talla da shaida da lamuni wuri ɗaya, sabon kuwa ya ɗauki talla ya bar sauran biyun. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, don haka ba a ce a jefar da waya a koma jiran mai shela ba. Abin da ake nema shi ne mai makaranta ya kawo shaida, hukuma ta tsaya a matsayin mai lamuni, uba kuma ya taka da ƙafarsa ya ga wanda zai riƙe masa ɗa daga azahar zuwa magariba.